Ranar da Anka Ce In Ɓata Daɓena

Ku aje cokulan nan, simintin bai kai ba tukuna. In kunka taɓa shi yanzu ruwa za ku jawo sama, gobe fuskar ta yi ta ɓarewa, mai gida ya zo ya tsaya mani a ka. Ku taho inuwa. Kuma kada ku ɗauka kunnena ya mutu, na ji abin da ɗayanku ya ce ɗazu wajen kwaɓi: wai daɓe ai shafa ce kawai, duk wanda ya iya shafa mai a ƙafa ya iya daɓe. Madalla da malamai! To ku zauna in ba ku labarin daɓen da ya fi kowane daɓe da hannuna ya taɓa yi, da ranar da anka ce in ɗauko guduma in ɓata shi da kaina.

Daɓen farko da anka bar ni na taɓa, na wani shagon tela ne a Anka. Maigidana Bawa Birkila, Allah ya jiƙansa, ya daɗe bai yarda na riƙe cokali ba. Aikina tankaɗe yashi da ɗaukar kwanon sarki, har tsakiyar kaina ta daina fitar da gashi, kun gan ta nan, ba tsufa ba ne. Rannan ya ce, "Ummaru, shiga ka yi." Na shiga na yi, na goge, na sake gogewa, har ina ganin inuwar fuskata a ciki. Da ya bushe na kira shi ina ta washe baki. Bawa bai ko dube ni ba. Ya ɗauko kwalbar lemo wadda ba komai a ciki, ya kwantar da ita a ƙarshen ɗakin, ya sake ta. Kwalba ta gangaro, ta gangaro, da ta zo tsakiya sai ta tsaya tana rawa gaba da baya. Ya ce, "Nan ruwa zai kwana in matar tela ta yi wanki." Sannan ya tuɓe takalmi, ya rufe ido, ya taka ɗakin daga bango zuwa bango da tafin ƙafa, shina nuna mani da babban yatsa: nan tudu, nan kwari, nan ka yi gaggawa. Ya ce in daina tambayar idona, in riƙa tambayar ƙafata. Tun daga ranar ba na fita aiki ba kwalba a jakata.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Igiya, dogon katakon daidaitawa, katakon shafe, cokali, sai kwalba. Amma siminti shina da lokacinsa, kuma ba ya jiran kowa ya gama cin rogo. Ka danna da yatsa: in ya nutse, da saura. In bai nuna alama ba sam, ka makara, sai dai ka yi ta gurzar banza. Akwai ɗan tsakani da yatsa zai bar alama kaɗan ba ruwa, to nan ne za ka faɗa masa da cokali, gwiwa bisa katako, kana ja da baya, ba shan ruwa, ba amsa waya. Ga kaji. Wallahi ban san mi ke tsakanin kaza da ɗanyen siminti ba. Akwai gidaje a Gummi da har yau in na shiga nakan gaida sawun kazar da ta riga masu gidan shiga ɗakin.

Masu ba da aiki kuwa, bango suke kallo, da fenti, da ƙyauren ƙarfe. Ba wanda ke duban ƙasa. In daɓe ya yi kyau mantawa ake yi da shi, sai ya fashe ake tambayar wa ya yi. Na saba da haka, ban kuma taɓa tsammanin wani zai durƙusa don aikina ba.

Aikin da ya sauya mani hannu, a Yargalma na yi shi, can ƙasar Bukkuyum, shekarar da gubar dalma ta shiga ƙananan yara. Wasunku kuna goye lokacin. Mutane sun riƙa kawo dutsen zinari cikin gida ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida ta kwanta, yaro ya rarrafa, ya sa hannu a baki, shi ke nan. Da anka gane, sai anka kankare ƙasar gidaje anka zubo sabuwa, inda ba ta kankaruwa anka nemi magina mu rufe da siminti. Na shiga gidaje da yawa. Abin da ya tsaya mani shi ne shirun garin, gida cike da mata amma ba ƙarar yara. Waɗanda sunka rage kuwa ba a barin su taɓa ƙasa. Da yaro ya sauko daga tabarma sai ka ji uwa ta ƙwala ihu ta fizge shi. Na ji tsoro a garin nan, ban ɓoye maku ba. Can na koyi cewa ƙura ba ta zama a fili, rami take nema, da tsaga, da kusurwa. Sai na fara goge daɓe har ya zama ba inda ƙwayar ƙura za ta maƙale, kuma inda daɓe ya haɗu da bango na daina barin kusurwa, nakan cika wurin in lanƙwasa shi da gindin kwalba, ya hau a hankali awa cikin ƙwarya, don tsintsiya da ruwa su kwashe komai. Har yau haka nake yi, ko a ɗakin awaki ne.

To, bayan shekaru sai masu shinkafa na Gummi sunka haɗa kai za su yi dandamalin shanya a bayan kasuwa. Kun san yadda ake yi, mata su turara shinkafar da ba a sussuke ɓawonta ba, a baza ta bushe kafin a kai inji. Shugabansu Alhaji Ɗanjimma, mutum mai babbar riga da babbar murya, shi ya kira ni. Fili ne mai faɗi, ya fi harabar wani masallacin. Na zuba duk abin da na sani a wurin. Na ba shi gangare kaɗan wanda ido ba ya gani, don ruwan sama ya bi ta lambatu. Na kewaye shi da gajeren bango iya gwiwa saboda awaki, na lanƙwasa gindin bangon nan gaba ɗaya. Da na gama na saki kwalba daga wancan ƙarshen, ta taho a hankali, ba tsayawa, ba karkata, har bakin lambatu. Na yi ta tsalle ni kaɗai a fili! Alhaji ya zo, ya dubi bangon ya ce an yi masa gajarta, ya tafi.

Ana nan, wata la'asar na biyo ta wurin, an kwashe shinkafa, sai na ga wani saurayi durƙushe a tsakiyar dandamalin shina shafa ƙasa da tafin hannu. Na ce to, wani ya zubar da allura. Ashe Nasiru ne, ɗan Malam Isa tela, wanda ya yi shekaru a Legas shina aikin ɗinki ya dawo. A gefensa ga wani katako iya tsawon hannu, bakinsa biyu a ɗage, da ƙananan tayoyi huɗu a ƙasa. Shina da sunan Turanci da yaran ke faɗi, harshena bai ɗauka ba, mu dai katako muke ce masa.

Ya ɗago ya ce, "Baba, don Allah wa ya yi wannan daɓen?"

Na ce, "Lafiya? Ya fashe ne?"

Ya ce, "Fashe? Baba, na taka siminti a Legas har na gaji, ban taɓa taka irin wannan ba. Dubi gindin bangon nan! Wanda ya yi shi ya san katako."

Na ce, "Wanda ya yi shi bai taɓa ganin abin nan naka ba sai yau, kuma ga shi tsaye gabanka."

Kai, yara! Mutumin nan ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu shina jijjigawa. Ni kuwa, da furfurata, sai na ji kunya ta kama ni awa an yabi amarya. Sannan ya ɗora ƙafa ɗaya bisa katakon, ya tura da ɗayar, ya tafi shuuu. Ya nufi bango kai tsaye, na buɗe baki zan yi salati, sai katakon ya bi lanƙwasar nan tawa ya hau, ya juya a sama, ya sauko da shi tsaye. Lanƙwasar da na yi don tsintsiya! Na ce, "Sake!" Ya sake. Na ce, "Sake!" Har anka kira magariba ina nan ina cewa a sake.

Kafin damina ta tsaya, samarin unguwa duk sun kamu. Ba mai irin katakon Nasiru, don haka sunka bi makanikai suna roƙon tsohon boris, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke cikin tayar babur, sunka bi kafintoci suna tsintar guntun katako. Ƙarar boris bisa siminti kuwa, sai ka ce injin markaɗe ya tsinke. Kuma nan da nan sunka gane babban abokin gabansu. Ba Alhaji ba ne, tsakuwa ce. Na gani da idona, Nasiru na cikin gudu, 'yar tsakuwa wadda ba ta kai ƙwayar wake ba ta shiga gaban taya, katako ya tsaya cak, shi kuwa ya ci gaba da tafiya a iska har ya sauka da haɓa. Daga ranar sunka kafa doka: ba mai hawa sai an share. Kowace la'asar za ka ga ƙarti, waɗanda a gida ko kwanon da sunka ci tuwo ba su ɗaukewa, sun jeru da tsintsiya, wasu har da rarrafe suna tsince yashi da yatsa.

Ina da aboki, Buba, Bafillace ne, rugarsu na hanyar Bukkuyum, ranar kasuwa yakan kawo tumaki ya biyo mu sha shayi. Na ja shi ya gani. Ya tsaya da sandarsa bisa kafaɗa, ya bi Nasiru da ido, ya je, ya dawo, ya kewaya, ya dawo. Can ya ce, "Kai Kaɗo," haka yake kirana in shina son tsokana, "wanga yaro ina za shi?"

Na ce, "Ba inda za shi."

Ya ce, "To mi ya hau abin hawa?"

Buba mutum ne da ya taka ƙasa da ƙafa har Nijar, amma bai taɓa ɗaga ƙafa ba sai don ciyawa ko ruwa. Ya ce jaki in ya yi ta kewaya wuri ɗaya, magani ake nema masa. Na kira Nasiru na ce ya amsa da bakinsa. Nasiru ya share gumi ya ce, "Baffa, in ka hau babur, hankalinka na can inda za ka. In na hau wannan, hankalina na nan inda nake." Buba ya dube shi, ya dube ni, ya ce Legas ta gama da yaron mutane.

Gardamar ta koma teburin mai shayi, ta yi makonni ba ta mutu ba. Wani ya ce wasa ne. Wani ya ce wane irin wasa ne ba a ci? A ƙwallo akwai wanda ya ci, a dambe akwai wanda ya kashe, a dara ma haka, amma nan in ka tambaya wa ya ci sai su dube ka awa ka yi Larabci. In ɗaya ya iya abin da sauran sunka kasa, su da ya fi su ne ke buga katakonsu a ƙasa suna ihun murna. Wani kuma ya ce to aiki ne, tunda Nasiru ya fi leburana zubar da gumi. Anka ce aikin da ba lada? Ni dai abin da ya ɗaure mani kai faɗuwa ce. Akwai wani tsalle da Nasiru ke son yi, katakon ya juya a ƙarƙashin ƙafarsa ya sake sauka a kai. Damina guda ya yi shina faɗuwa a kan abin nan. Ya faɗi, ya dubi gwiwar hannu, ya tashi, ya sake. Ba maigida tsaye kansa, ba wanda ya aike shi. Ni sai da Bawa ya yi ta ranƙwashina kafin na iya cokali, wanga kuwa shi ke kai kansa ƙasa ta ranƙwashe shi, kuma shina dariya. Na ce masa, "Ba ka jin zafi?" Ya ce, "Ina ji mana, Baba. Amma duk faɗuwa tana gaya mani inda ƙafata ta yi kuskure." Na ce lallai da Bawa na da rai da ya ɗauke ka aiki.

Sai ranar tsautsayi. An yi hadari da rana, shinkafa ba ta bushe da wuri ba, anka tara ta tsibi a gefe ɗaya, Alhaji Ɗanjimma na tsaye kanta shina ba da umarni. Samari sun ƙosa, sunka fara hawa a ɗaya gefen. Wani mai katakon boris ya zame, shi ya yi gabas, katakon ya yi yamma da gudu, bai tsaya ko'ina ba sai ƙwaurin Alhaji. Alhaji ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi taga-taga, ya zauna daɓas cikin tsibin shinkafa har ƙugu, hula ta yi nata wuri. Allah ya gafarta mani, ina wurin, kuma na yi ƙoƙari. Na ciji leɓe, na dubi sama, na tuna mutuwa. Ba abin da ya hana dariyar nan fita.

Washegari Alhaji ya aiko kirana. Ya ce, "Ummaru, kai ka yi daɓen nan, kai za ka gyara shi. Ka ɗauko guduma da cizal ka tsattsaga shi layi-layi, yadda ba tayar da za ta gangara."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a yi masu faɗa dai."

Ya ce, "Don shinkafa munka yi shi ko don wasa? Gobe in ɗan wani ya karya wuya, ƙofar wa za a zo? Jibi da safe za ka fara. In ba ka yi, in ɗauko wani daga Anka."

Kada ku ce Alhaji mugu ne, maganarsa na da kai. Wuri nasu ne, don shanya anka yi shi, kuma ɗan wani ya riga ya karya hannu. Amma na koma gida ina ta juya abin. Shin wuri na wanda ya sa anka yi ne kaɗai, ko da wanda ya san kowane taƙi nasa da gwiwa da haɓa? Daga la'asar zuwa safe, da ba ƙwayar shinkafa a kai, dandamalin mi ne ne? Ni kaina da na lanƙwasa bangon, tsintsiya ce a raina, ga shi wasu sun zo sun samo wani abu a ciki wanda ban san na sa ba. Abin da ya fi ci mani rai kuwa tsagar ce. Ni da na koyi toshe tsaga a Yargalma, ni za a sa in bi daɓe mai lafiya in yi wa ƙura ɗakuna. In na ƙi kuma, wani zai zo wanda bai san wurin ba ya yi masa kaca-kaca. Na ce gara hannuna.

Ranar da safe na isa da guduma da cizal. Na tarar da Nasiru da mutanensa sun riga ni, kuma mi suke yi? Shara! Na ce, "Ku da za a ɓata wurin yanzu, sharar mi ce?" Nasiru ya ce, "Hannu ne ya saba, Baba." Ba wanda ya roƙe ni, ba wanda ya zage ni, sunka koma kan bango sunka zauna da katakansu bisa cinya. Buba ma ya zo, ranar kasuwa ce. Alhaji ya iso shina ɗingishi, ya nuna kusurwar gabas ya ce in fara daga can. Na durƙusa, na kafa cizal, na yi bisimilla, na saukar da guduma. Ɓallin siminti ya tashi ya faɗi gefe. Wallahi har cikin haƙorina na ji shi.

Na ɗaga guduma karo na biyu ke nan sai na ji an ce, "Ummaru, in ka sake bugawa sai na juye maka tukunyar nan a ka!"

Inna Kulu ce, babbar matan da ke turara shinkafa, tsohuwa gajera wadda ko mahauta ba su ja da ita. Bayanta mata ne da kwanduna, sun zo baza shanyar safe. Ta sauke kayanta, ta ciro kwano cike da shinkafar da anka riga anka kai inji, ta tura wa Alhaji a ƙirji.

Ta ce, "Ɗanjimma, sa hannu ka fiddo mani tsakuwa ɗaya."

Ya ce, "Inna, wace magana ce wagga da safe?"

Ta ce, "Sa hannu, na ce! Ni na yi wa uwarka wankan jegonka, ba ka fi ƙarfin in aike ka ba."

Alhaji ya sa hannu. Ya tona, ya baza a tafi, ya hura, ya sake tonawa. Mu duka munka yi cirko-cirko muna kallon babban mutum na neman tsakuwa. Bai samu ba.

Ta ce, "To. Tun ina yarinya ake zagin shinkafarmu ana cewa sai mai haƙorin ƙarfe. Bana matan Bukkuyum da na Anka tawa suke tambaya da suna, ba a tsincewa, wankewa kawai a zuba a tukunya. Kana tsammani aljanu ke share mana wuri? Mu in mun share, sharar gajiya muke yi, mun kwashe kaya bayanmu na ciwo. Waɗanga ja'iran kuwa da rarrafe suke bi, don tsakuwa ɗaya na iya zubar masu da haƙora. Mu zo da safe mu baza a wuri fes. Yanzu kai ka ce a tsaga, yashi ya samu wurin kwana? Ƙwaurinka ne zai tsince mana?"

Mata sunka ɗauki guɗa. Alhaji ya dubi kwano, ya dubi samari, ya dubi ƙwaurinsa. Ya ce shi dai ba a fahimce shi ba ne tun farko. Ya ce daga yau ba mai hawa sai an kwashe shinkafa ƙwaya ba ta rage ba, kuma duk katakon da ya sake taɓa shi, da shi za a hura wutar turara. Sannan ya ce mani, "Kai kuma mi kake jira da guduma a hannu awa mahaukaci?"

Nasiru ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce, "Baba, mu fa ba don shinkafa muke shara ba."

Na ce, "Na sani. Rufe mani baki."

Ita ma Inna Kulu ta sani sarai. Mutanenmu ne dai ba su iya barin abu ya zauna don daɗinsa kawai, sai an samo masa aikin yi, to ta samo masa. Ɓallin da na cire kuwa ban toshe ba a ranar, da na zo toshewa daga baya samarin sunka hana ni, wai shi ne alamar da suke tashi tsalle daga kanta. Sai dai na goge bakinsa ya yi sumul.

A ranar dai, ina tattara kayana sai Inna Kulu ta ce, "Ummaru, kafin mu baza, kai da ka yi wurin, hau mu gani mana. Ko tsoro?" Mata sunka fashe da dariya. Nasiru ya turo katakonsa har gaban ƙafata. Alhaji ya juya baya wai shina duba buhuna, amma ina ganin gefen idonsa. Na ce kai, a bar ni da girmana. Sai kuma na ji ƙafata ta tuɓe takalmi da kanta. Na ɗora ɗaya, Nasiru ya riƙe ni, na ɗora ɗayar, ya sake ni a saman gangaren.

Yara, na yi shekaru ina sakin kwalba, ban taɓa sanin abin da kwalba ke ji ba! Wurin nan ya ɗauke ni a hankali, ba tudu, ba kwari, ba inda ya yi gyatsa, iska na shiga rigata, daɓena na wucewa ƙarƙashin tafin ƙafata sumul. Na ji Buba na ƙwala mani kira, "Kaɗo! Ina za ka?" Na buɗe murya na ce, "Ba ko'ina!" Ina ihu awa yaron da anka saya wa sabon takalmi. Abin da ba wanda ya koya mani shi ne tsayawa. Na ga lambatu na matsowa, na ce bari in taka ƙasa, katako ya ce sai wata rana. Na zube rigingine, na mirgina, na tsaya kwance kumatuna bisa siminti.

Daga nan ƙasa na hango jikar Inna Kulu, 'yar mitsitsiya da ba ta fara tafiya ba. Uwarta ta sauke ta don ta kama kwando, ita kuwa ta rarrafo tsakiyar fili tana bubbuga daɓe da tafin hannu. Ta zauna, ta dube ni, ta cusa yatsunta duka a baki. Ihun matan Yargalma ya dawo mani a kunne, na yunƙura zan ce a ɗauke ta. Sai na dubi daɓen daga inda idona yake, dab da shi, har zuwa inda take zaune. Ba ƙura, ba tsaga, ba komai. Uwarta ta waiwayo ta gan ta, ta ci gaba da aikinta.

Na koma na kwanta ina dariya, hawaye na zuba, har sunka taru kaina suna cewa ƙugun tsoho ya karye. Ƙugu lafiya lau, sati ɗaya dai na yi ina sallah a zaune.

To, ku tashi. Kai mai maganar shafa, danna yatsa mu gani. Yauwa, ya kai. Ɗauki kwalbar nan ka fara da gindin bango, ka lanƙwasa shi sosai, kada ka bar mani kusurwa. Matar gidan nan goyo gare ta, kafin kaka yaron zai fara rarrafe.